Shuɗiyar Tukunyar Da Muka Saya

Mama ta ajiye cokali, ta kai hannu bakinta.

Da ta janye hannun, akwai jini a tafinta.

"Mama... lafiya?" in ji Dogo, ya miƙe har kujerarsa ta kife.

Ta tofar da wani abu a faranti, ya yi ƙara kamar tsakuwa. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu. Ran nan ne mahaifiyar mutumin da zan aura ta fara yarda ta taka gidanmu, kuma girkina ne ya yanka mata harshe.

Nas ta matso. 'Yar ƙanwar Mama ce, a asibiti take aiki, kuma tun suna yara dangi suke so a haɗa ta da Dogo. Ba wanda ya gayyace ta, ta dai biyo Mama riƙe da jaka. Ta ɗauki abin da yatsu biyu ta ɗaga shi wajen taga.

"Kwalba ce," ta ce a hankali. "Irin wannan ba ta shiga abinci da ƙafarta."

"Me ya faru ne?" in ji Ummata daga ƙarshen tebur, tana ƙanƙance idanunta da yanar ido ta kusa rufewa.

Mama ta toshe baki da gyale, ta dube ni sama da ƙasa, ta fita. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

"Raina, zan dawo..."

Ya bi uwarsa.

*

Tare muka sayi tukunyar. Ni kuku ce a kicin ɗin wani kamfani, shi kuma malamin lissafi ne. Tun da muka fara maganar aure nake jan sa zuwa shagon kayan girki in tsaya gaban wata shuɗiyar tukunya kamar marainiya. Ta baƙin ƙarfe ce, an shafe ta ciki da waje da wani abu mai santsi kamar tangaran. Murfinta kaɗai ya isa ya karya ɗan yatsa.

"Wannan ba tukunya ba ce, abar gado ce," in ji mai shagon. "In kun kula da ita har jikokinku."

Dogo ya ɗaga ta, ya yi nishi.

"Rabin raina, girki za a yi da ita ko motsa jiki?"

"Kai dai ka ɗauka. Tsawon banza."

Mai shagon ya shafa cikinta da yatsa, ya ce shafen nan gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Kada a ɗora ta a wuta ba komai a ciki, kada a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Soson ƙarfe kuwa maƙiyinta ne.

"In ta kama, a jiƙa ta da ruwan ɗumi a bar ta. Ranar da cikinta ya ɓare, ta tashi daga aiki."

Duk na san wannan. Na bar shi ya faɗa ne don Dogo ya ji. A hanya ya rungume ta a ƙirji, yana cewa ita ce 'yarmu ta fari. Na yi dariya har da hawaye, ina son mutumin nan kamar in mutu.

Na kai ta ɗakinmu na riƙa gwada ta. Da cokalin katako nake juyawa, in na wanke in tsane ta tas, in shafa ɗan mai a bakinta don kada ya yi tsatsa. Ƙasanta ya ɗan yi ja saboda amfani, wannan kuwa ba aibi ba ne.

Mama ba ta taɓa sona ba. A wurinta ni 'yar mai wanke-wanke ce, don Umma ta ƙare ƙuruciyarta a durƙushe a kicin ɗin mutane tana goge musu tukwane. Dogo ya sha fama kafin ta yarda ta zo cin abinci.

*

Bayan sun tafi na juye sauran naman da dankalin a roba, na duba ƙasan tukunyar.

Ya yi fari fat, ya kuma tsattsage. A wurare biyu shafen ya ɓare, baƙin ƙarfe ya leƙo.

"Umma... kin taɓa tukunyar nan?"

Fuskarta ta washe.

"Da kika tafi sayo kayan marmari na kai ta hasken taga, na ga ƙasanta ya yi dauɗa. Na ce surukarki za ta zo, ba za a ce 'yata ƙazama ce ba. Na ɗora ta a wuta ta yi zafi sosai, na sheƙa mata ruwan sanyi don dauɗar ta saki, na bi da soson ƙarfe da bakin wuƙa. Har albasa da nama na zuba miki don ki samu sauƙi."

Haka ta yi wa tukwanen duniya shekara da shekaru, kuma ba wadda ta taɓa yi mata gardama. Ni kuma da na dawo na tarar nama ya rufe ƙasan, na ci gaba da girki ina godiya.

"Ta fita dai, ko?"

"Ta fita, Umma."

"To me ya sami baƙuwar?"

"Ƙashi ne."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji kukana.

*

Dogo ya same ni a bayan kicin ɗin kamfani, inda ake tara kwandunan shara. Ya rame.

"Mama ta ce an fasa auren."

"Ka gaya mata ganganci na yi. Ban duba tukunya ba."

"Na gaya mata. Nas ta ce kuku ba ta irin wannan kuskuren. Ta ce kin san Mama ce ta tsaya miki a hanya, shi ya sa. Har 'yan'uwan Baba ta bi tana nuna musu abin a cikin leda."

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni na san ki, masoyiyata. Amma ki ba ni abin da zan riƙe. Yaya aka yi?"

Na ce sai ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ya rantse. Na gaya masa komai.

Sai na ga ya yi ajiyar zuciya, har da murmushi.

"Ai shi ke nan! Umma ta je ta yi bayani, ta ba da haƙuri..."

"A'a."

"Kalma biyu ce fa."

"Umma ba ta ma san ita ce ba. Ta gama durƙusa wa mutane, Dogo. Ranar da na karɓi albashina na farko na ce mata ta gama. Ba za ta sake ba, ko don kai."

"To mu fa? Ki bar mu mu mutu a kan tukunya?"

"Ka ba ni lokaci. Zan je wurin Mama da kaina, ko sau nawa ne."

Ya kama hannuna ya matse.

"Ba zan iya rasa ki ba."

Na ɗauka maganar soyayya ce kawai. Har daɗi na ji.

*

Na je wurin Mama, aka ce tana barci. Na koma, Nas ta leƙo ta ce ba ta nan, alhali ina jin tarinta. Ban fasa ba, na ce gobe ma rana ce.

Sai wata rana na dawo daga aiki na tarar da ɗakinmu a kulle. Maƙwabciyarmu tana shanya a baranda.

"Saurayinki ya zo ya ɗauki Umma a mota. Har sabon mayafinta ta yafa."

Ban san yadda na isa gidansu ba. Na hau matakala ina haki, na tura ƙofar falo ba sallama.

Umma tana durƙushe a kan tayil, takalmanta a hannu. Labule a sauke yake, falon ya yi mata duhu, sai ta fuskanci wata kujera da aka tara wa matasai, tana ba ta haƙuri. Mama tana zaune can gefe guda. Ba wanda ya juyar da ita.

"...jahilci ne irin namu, ranki ya daɗe. Yarinyar ba ta da laifi. Ni ce ban san abin masu daraja ba."

Nas ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Dogo yana tsaye jikin bango, ya sunkuyar da kai.

Mama ta bar ta ta maimaita, sannan ta gyara zama.

"To, na ji. Na yafe. A yi auren." Ta dube ni. "Amma tsohuwar nan ba za ta shiga kicin ɗin ɗana ba."

Umma ta juyo wajen muryar da sauri, kunya ta rufe ta.

"Na gode, na gode. Allah ya saka."

Dogo ya ɗago, idanunsa sun cika da murna.

"Raina, kin ji? Ta yarda."

Na dube shi. Har a lokacin ina son sa, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da ya zama mugu da abin ya zo mini da sauƙi.

"Tun yaushe take a ƙasa?"

"Ba a daɗe ba..."

"Kana tsaye."

"Don mu na yi. Wallahi don mu na yi."

"Na sani."

Na sunkuya na sa hannu a hammatar Umma na ɗaga ta. Gwiwoyinta sun sandare, sai da ta jingina da ni. Na karɓi takalman na sa mata ɗaya bayan ɗaya, a nan tsakiyar falon.

"Mama, mun gode da yafiya," na ce. "Auren kuma ku riƙe abinku."

Nas ta daina dariya.

Muna kan matakala Umma ta fara kuka, irin marar sautin nan.

"Na sake ɓata miki, ko?"

"Ba ki ɓata komai ba."

Daga sama muryarsa ta biyo mu, ta karye.

"Rabin raina... don Allah ki tsaya."

Umma ta ja hannuna.

"Yana kiran ki, 'yar nan. Yaron kirki ne. Ki koma, ni ba komai, na saba."

"Shi ya sa, Umma," na ce.

Na ƙara riƙe ta, muka ci gaba da sauka.