Bizar Duwala da Ta Ɓace Ranar Walima

Ana cikin raba shinkafar walimar bankwana a gidan Sharafaddeen mai gyaran firij da ke unguwar Dilimi a Jos, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ji wayam. Fasfonsa ya ɓace. Jibi zai tafi Duwala ta Kamaru, inda aka ce wani kamfanin kifi na jiransa. Babur ɗinsa da kayan shagonsa ya sayar kafin bizar ta fito.

Saja Hasiya ta iso daga caji ofis ta same shi zaune a dandamali, hula a gwiwa.

"Yaushe ka yi masa ganin ƙarshe?"

"Bayan azahar, ranki ya daɗe. Na zaga da shi kowa ya gani. Har na sanar cewa Madam Suzana za ta zo da la'asar ta karanta mana bizar da Faransanci."

"Wace ce ita?"

"Maƙwabciyarmu ce, 'yar Kamaru, mai gasa kifi."

"Wayarka fa?"

"Tana nan. Aljihu ɗaya suke."

Hasiya ta rubuta. Ɓarawo ya bar waya ya ɗauki takarda.

Ta fara da matar gidan, Rahma.

"Ko ba kya son ya tafi ne?"

"Ni? Sati biyu ke nan da na haɗa masa jaka. Shekara tara yana gyara firij ɗin mutanen Jos, namu kuma takalma muke ajiyewa a ciki. Ya tafi ko Allah zai sa ya aiko da sabo."

Hasiya ta leƙa firij ɗin. Takalma ne. Ta soke sunan Rahma.

Sai abokinsa Abdulfatah direba, wanda shi ma yake neman aiki a Duwala.

"An ce ka fi kowa daɗewa riƙe da fasfon."

"Hoto na ɗauka, Oga. Alhaji Jika ejan da ya yi masa biza, shi ke yi mini tawa. Ina so in tabbatar irin wannan zai ba ni, ba ƙarama ba. Kuma gaban kowa na mayar."

Mutum huɗu suka shaida. Hasiya ta ce ya tura mata hoton.

"Shi Alhaji Jikan ya zo?"

"Ya zo," in ji Rahma. "Ya rungumi maigida har sau uku yana kuka, sai ya tafi. Ko loma bai yi ba."

"Ya saba haka?"

"Alhaji Jika? Ranar sunan 'yarmu da kular kwasar abinci ya zo."

Hasiya ta ɗauki Sharafaddeen da Abdulfatah, ta biya ta ɗauko Madam Suzana a bakin gasa kifinta. Suka cika keke napep ɗaya zuwa Gada Biyu, inda Jika ke da ofis a saman wani shagon taya. Ta bar su a matattakala ta shiga ita kaɗai.

Jika ya tarbe ta da fara'a, har da jajen fasfon.

"Alhaji, ka san Kamaru sosai?"

"Shekara bakwai na yi a Duwala. Faransanci kamar ruwa."

Ta miƙa masa wayarta, hoton bizar a buɗe. "Karanta mini wannan."

Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. "Gwamnati na maraba da babban injiniya Sharafaddeen. A ba shi gida da mota."

"Madam, shigo," Hasiya ta kira.

Suzana ta shigo, mazan biyu na biye da ita. Ta dubi hoton, ta sake duba, sai ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

"Oga madam, wannan ba biza ba ne. Hatimin likitan dabbobi ne. Ya ce an duba shi, ba shi da ciwon baki da kofato, zai iya tsallake boda. Nan kuma an rubuta da biro: bijimi ɗaya."

Sharafaddeen ya nemi kujera ya zauna.

"To aikin fa?" ya tambaya a hankali. "Na yi magana da manajan kamfanin sau uku."

"Kira shi yanzu," in ji Hasiya.

Ya kira. Durowar teburin Jika ta fara ruri.

Hasiya ta jawo ta. Ga ƙaramar waya, ga tsohon hatimi, ga wasu takardun fataken shanu, ga fasfo guda biyu, ɗaya na Sharafaddeen.

"Ga yadda abin yake," ta ce. "Ka samu hatimin nan da takardun wajen fatake, kana kwafar kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba. Ka san sai ya kai boda asiri zai tonu, lokacin ka kulle ofis. Yau ka ji za a karanta bizar gaban jama'a da la'asar. Shi ya sa ka rungume shi sau uku."

"Biyun farko aljihun da ba shi ba na laluba," in ji Jika, kansa a ƙasa.

"Ɓarawon gaske da waya zai ɗauka. Kai kaɗai takardar nan ta tsare wa gaba, har ka bar shinkafa."

Ta sa masa ankwa. Ta gaya wa Sharafaddeen ya gode wa Allah, da ya isa boda da wannan hatimin, da a can zai kwana a tsare. Bizar gaske a ofishin jakadanci ake nemanta, da takardar ɗaukar aiki a hannu.

Abdulfatah dai ya kasa riƙe dariya. "Bijimi! Wallahi Dilimi sai ta ji wannan."

"Ɗaya fasfon naka ne," in ji Hasiya. "Har an buga maka."

Ya fizga ya buɗe da murna, sannan ya tuna, ya miƙa wa Suzana a sanyaye.

Ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai tunkiya ne. Kuma an ce a bi da kai a hankali, kana da ciki."