Motar da Ta Kulle Kanta a Oloumi

"Ki gaya wa Nafiou kada mutanensa su zo ranar Asabar."

Khalida ta ajiye farantin abinci a gaban mahaifinta, amma ba ta koma kicin ba. Ta tsaya tana kallonsa. Alhaji Mahdi ya ƙi ɗago kai.

"Baba, ni ba zan gaya masa ba."

"Me kika ce?"

"Ban yi laifi ba, shi ma bai yi ba. In na kai wannan saƙon, na yarda mun yi ke nan."

Mahaifiyarta, Inna Ƙulu, ta leƙo daga ɗaki tana yi mata alama da hannu ta yi shiru. Alhaji ya ture farantin. Ya ce shekara ashirin da shida ya yi a Libreville ta ƙasar Gabon yana tsare da shagonsa a unguwar Alibandeng, ba a taɓa nuna gidansa da yatsa ba sai a wannan makon. Ya ce ƙasar mutane ce, Hausawan da ke cikinta ba su da yawa, in magana ta fito yau, gobe har Kano an ji. Kwana biyu ke nan bai ci abin kirki ba.

Khalida ta ji tausayinsa, amma ba ta janye maganarta ba.

Ranar Talata abin ya faru. Alhaji ya sayi sabuwar mota irin ta zamani, wadda ba a zura mata makulli, sai dai mutum ya riƙe shi a aljihu ya danna maɓalli. Kwana uku da sayenta ta fara wani kuka tana rubutu da Faransanci a allon gaba. Alhaji ba ya karanta Faransanci, don haka ya ɗauki Khalida suka tafi unguwar Oloumi, garejin da Nafiou yake gyaran wutar mota. Nafiou ɗan Maraɗi ne, shekara biyu yana neman Khalida, kuma ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo gaisuwa.

Nafiou ya zauna a kujerar direba yana duba allon, Khalida tana baya, Alhaji na tsaye a waje. Aka kira la'asar. Alhaji ya ce bari ya yi gaba, ya tura ƙofa, ya nufi masallaci da makullin a aljihunsa. Bai yi taku ashirin ba motar ta yi ɗan ƙara, madubanta suka naɗe.

Nafiou ya ja ƙofa zai bi shi salla, ta ƙi buɗewa. Gilashi ya ƙi sauka. Khalida ta kira wayar Alhaji sau biyar, yana cikin sahu. Zafi ya fara cinsu, numfashi ya yi nauyi.

"Khalidata, in na danna hon mutane za su taru... in ban danna ba za ki suma."

"Danna."

Ya danna, mutane suka taru. Da Alhaji ya dawo ya taɓa hannun ƙofa sai ta buɗe salin-alin, ga ’yarsa da saurayinta sun fito sharkaf da gumi daga mota mai baƙin gilashi, bayan minti ashirin. Nafiou ya yi bayani cewa irin waɗannan motocin suna kulle kansu in makulli ya yi nisa, wasu ma ko daga ciki ba sa buɗewa. Alhaji ya shiga motar ya ɗauki Khalida suka koma gida.

Da yamma ya kira Abdulwadud, ɗan amininsa, wanda ya sayar masa da motar. Abdulwadud ya taɓa neman Khalida ta ce ba ta yi. Ya shiga motar shi kaɗai ya ɗan jima yana taɓe-taɓe, sannan ya ce Alhaji ya tafi da makullin har bakin titi. Alhaji ya je ya dawo, mota a buɗe. Abdulwadud ya girgiza kai, ya ce shi dai bai taɓa ganin motar da ke kulle kanta ba, sai dai in wani ya kulle daga ciki. Ya ƙara da cewa duk abin da mutane za su faɗa, shi har gobe yana sonta, zai rufa asiri.

Wannan kalmar ta rufa asiri ce ta fi ƙona wa Khalida rai.

Nafiou ya kira ta ranar Laraba, ya ce ta yi haƙuri, ta bi Alhaji a hankali, shi zai jira ko shekara nawa ce.

"Sanyin idona, kada ki yi faɗa da mahaifinki saboda ni."

"Ba saboda kai ba ne kaɗai. Sunana ne."

Ta tambaye shi ko ana iya kashe wannan kullin. Ya ce ana iyawa, yana cikin allon, ya gaya mata inda za ta duba. Ya roƙe ta ta bar shi ya zo ya nuna wa Alhaji da kansa. Ta ce a'a, duk abin da ya taɓa a motar nan za a ce dabarar makanikai ce.

Da safiyar Alhamis, Alhaji na shago, ta ɗauki makullin ta shiga motar. Ta bi rubutun layi-layi har ta iso wurin. An kashe shi. Ta kunna, ta mayar da makullin aljihun rigarsa da ke rataye.

Ranar Juma'a bayan salla Abdulwadud ya biyo Alhaji gida da ledar tuffa da inabi. Za su je unguwar Plaine Orety duba wani mara lafiya, shi zai tuƙa. Alhaji ya ce Khalida ta miƙo makulli.

Ta fito da mayafinta, ta taɓa ƙofa ta buɗe musu. Abdulwadud ya yi mata murmushi, ya shiga gaba. Alhaji ya zauna a gefensa ya ja ƙofa. Abdulwadud ya rufe tasa, ya daidaita kujera, sannan ya waiga don karɓar makulli.

Khalida ta juya ta tsallaka titi.

Motar ta yi ɗan ƙara. Madubai suka naɗe.

Ta tsaya a inuwar shagon mai burodi, ta harɗe hannuwa, makullin na cikin tafinta. Inna Ƙulu ta fito bakin ƙofa tana salati, tana ce mata ta dawo, ubanta ne fa a ciki. Khalida ta ce ta sani, saura kaɗan.

A cikin mota Alhaji ya ja ƙofa, ya sake ja. Ya danna maɓallin gilashi, shiru. Abdulwadud ya danna na tayar da mota, ta rubuta masa babu makulli. Gumi ya karyo masa, ya fara dukan sitiyari yana jijjiga ƙofa.

"Wa ya kunna abin nan? Da hannuna na kashe shi ranar Talata..."

Maganar ta riga ta fita.

Alhaji ya daina jan ƙofa. Ya juyo a hankali ya dube shi.

"Ka kashe me, Abdulwadud?"

Alhaji ya zauna yana kallon ’yarsa ta cikin baƙin gilashi, zafi na shigarsa har ƙashi, yana tuna minti ashirin ɗin da ta yi a haka tana kiran wayarsa.

Khalida ta dawo ta taɓa ƙofa. Abdulwadud ya fito bai kalli kowa ba, ya bi titi ya bar hularsa a kujera. Alhaji ya fito yana share fuska da hannun riga.

Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Amma ban yi nadama ba."

Alhaji ya dube ta. Ya ce ta tashi ta kira Nafiou ta ce masa Asabar tana nan.

"Baba, ba a waya aka ɓata mu ba. A gaban mutane ne."

Inna Ƙulu ta dafe ƙirji. Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya ce ta ba uwarta makullin, yau ba ya sake shiga motar nan. Shi da Khalida suka tsaya a bakin titi, ya faɗa wa mai taksi Oloumi, suka shiga.

Garejin a cike yake. Nafiou ya fito daga ƙarƙashin wata mota hannunsa duk baƙin mai, da ya ga Alhaji ya durƙusa. Alhaji ya ce a kira masa mai garejin da masu fenti da matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, duk wanda ya tsaya kallo ranar Talata. Suka taru. Ya yi maganar da Hausa, ya sa Khalida ta maimaita da Faransanci don kowa ya ji.

"Ni na kulle su. Makulli yana aljihuna na tafi salla. Yarinyar nan ’yata ce, ba ta yi abin kunya ba. Wannan kuma surukina ne in Allah ya yarda."

Khalida ta fassara har ƙarshe. Sai da ta zo kan kalmar suruki ta ja mayafi ta rufe fuska. Nafiou ya kasa ɗagowa, sai godiya yake yi ƙasa-ƙasa.

A hanyar komawa suka wuce gada. Sannan Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Da na suma a ciki fa?"

"Ina ƙirga mintocin, Baba. Idona bai bar kanka ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya jingina da kujera.

"In mun isa ki ce wa uwarki ta zuba mini abinci. Kuma ta fara cefanen Asabar."