Ludayin Auta

A gidansu, Auta ce mai ɗanɗana miya. Kullum da rana Mama takan ɗebo kaɗan a ludayi ta miƙa mata. Idan Auta ta ce gishiri ya ji, to ya ji. Ko Baba ba ya musu da harshenta. Wannan aiki yana sa ta ji kanta ya yi girma, musamman a gaban yayanta.

Wata rana kunnenta na dama ya kama ciwo. Mama ta kai ta asibiti. Likita ya haska kunnen da 'yar fitila, ya rubuta magani.

"Wannan antibayotik ne, mai kashe ƙwayoyin cuta," in ji likita. "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, har kwana bakwai. Ko kin ji sauƙi, sai kin shanye."

A rana ta uku kunne ya lafa. Amma bakin Auta ya canza. Komai ta ci sai ta ji kamar ta tsotsi makulli. Mama tana soya albasa, ita kuwa da ƙyar take jin ƙamshin.

Tsoro ya kama ta. Idan ta faɗa, ai Yaya za a ba ludayin. Sai ta ɓoye abin.

"Zo ki ɗanɗana," in ji Mama.

Auta ta lasa. Ba ta ji komai ba sai ƙarfe-ƙarfe.

"A ƙara gishiri."

Mama ta ƙara. Auta ta sake lasa, ta ce a ƙara. Sau uku ana haka.

Da aka zauna cin abinci, Baba ya kai loma ɗaya ya nemi ruwa. Yaya kuwa dariya har da riƙe ciki.

"Yau harshen gida ya tafi hutu!"

Auta ta ji kunya ƙwarai. Ta zauna ta yi tunani, ta gane tun da ta fara shan maganin bakinta ya lalace. Daga ranar, idan Mama ta ba ta ƙwayar, sai ta kurɓi ruwa kawai. Ƙwayar kuma ta tura ta cikin tsohuwar safar makaranta.

Bayan kwana biyu ɗanɗano ya fara dawowa. Auta ta ce a ranta lallai ita mai wayo ce.

Wayon bai je ko'ina ba. Ranar Litinin tana cikin aji ciwon kunnen ya dawo da ƙarfinsa. Jikinta ya yi zafi, ko muryar malama ba ta ji sosai. Aka kira Mama ta zo ta ɗauke ta.

A ranar ce kuma Mama ta zazzage safa za ta wanke. Ƙwayoyi suka zubo a ƙasa, guda bakwai.

"Auta, mene ne wannan?"

Auta ta fashe da kuka. "Mama, shi ne ya kashe mini harshe. Na ji tsoro kada ki ba Yaya ludayina."

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi mu je. Da bakinki za ki gaya wa likita."

Likita ya saurare ta har ta gama.

"Ba ƙarya kika yi ba, 'yata," in ji shi. "Wasu magungunan sukan taɓa ɗanɗano da jin ƙamshi a wurin wasu mutane. Yawanci idan an gama sha, abin yakan wuce. Amma da kika tsaya a tsakiya, ƙwayoyin cutar da suka rage sun sake yin ƙarfi. Da kin faɗa, da mun duba ko a canza miki wani."

Ya rubuta sabon magani, wannan karon na kwana goma.

Kwana goma Yaya yana riƙe da ludayi. Yana lasa yana lumshe ido don ta gani. Auta tana kallo, tana haɗiye maganinta a gaban Mama. Idan bakinta ya yi ɗaci, sai ta faɗa, Mama ta ba ta ruwa mai yawa.

Kwana huɗu bayan ta shanye, tana ɗaki tana rubutu sai ta ɗaga kai. Ƙamshin albasa! Ta ruga kicin da gudu, kunnenta garau.

Mama ta karɓi ludayin daga hannun Yaya ta miƙa mata. Auta ta lasa.

"Gishiri ya ji. Har ya so ya yi yawa, Yaya."

Kowa ya yi dariya. Tun daga lokacin Auta ta koyi darasi: idan magani ya canza maka wani abu a jiki, ka gaya wa iyayenka da likita. Kada ka ɓoye, kada kuma ka daina sha da kanka.