Takardu Bakwai na Ƙofar Makaranta

Ruwan sama ne ya haɗa su, wata Talata cikin watan Agusta, shekaru kaɗan bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama.

A wancan zamani dokar Turawa ce, in aka yi ruwa sai a sauke shinge a kan hanyar da ta ratsa dajin Birnin Gwari, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta sha iska kwana guda. Direban da shinge ya tare, ko dai ya kwana a bakin dajin Kamuku, inda kuraye ke yawo, 'yan fashi kuma sun fi kurayen muni, ko ya shiga harabar makarantar malaman daji, wadda ita kaɗai aka kewaye da waya. Can zai biya sule ɗaya a ba shi takardar izinin ajiye mota. Ya liƙa ta a gilashi, in zai fita ya mayar da ita a ƙofa.

Mai tsaron ƙofar shi ne Kofur Abarshi, tsohon soja, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a bakin aiki ba.

Ranar nan wata jar mota ɗauke da katako ta tsaya. Direbanta, wani saurayi mai suna Haruna, mutumin Kuyello, ya diro a jiƙe ya miƙa sulensa. Kofur ya yago takarda, ya miƙa ta cikin 'yar rumfar da ke bayansa.

"Lambar motar fa?" in ji wata murya daga ciki.

Haruna ya leƙa. Budurwa ce zaune kusa da akushin tuwo, fensir a hannunta, ta ɗago ido tana jira. Ya buɗe baki, lamba ta gudu daga kansa.

"Kai!" in ji Kofur. "Direba bai san lambar motarsa ba? Ko ta sata ce?"

Sai da Haruna ya koma cikin ruwa ya karanto. Da ya dawo, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

Huseina ke nan, 'yar Kofur, ita kaɗai ta rage masa. Akwai asiri tsakaninta da mahaifinta. Kofur bai iya boko ba, an ɗauke shi aiki ne saboda lambobin yaƙi da ke ƙirjinsa. Ita ce ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci, ita ke rubuta lambar kowace mota, ita ke jera takardun da aka mayar. Ƙarshen damina akan kai su ofis, a gwada kowace da gindinta da ya rage a littafi. In ɗaya ta ɓace, hukuma na ɗauka mai gadi ya sake sayar da ita ya zuba kuɗin a aljihu. Wanda Kofur ya gada, takarda uku kacal ya rasa. An tafi da shi da ankwa, ya yi wata shida a gidan yari, ya fito da tari, bai ga kaka ba.

Washegari, tana jera takardu a gida, ta juya ta jar mota ta ga rubutu a baya:

"Malama, na kai mota har Ikko ban taɓa manta lambata ba sai jiya. A yi mini afuwa. Haruna na Kuyello."

Kamata ya yi ta nuna wa mahaifinta a take. Ba ta yi ba. Ta naɗe takardar ta jefa cikin wani tsohon gwangwani, ta ce a ranta za ta goge rubutun kafin ranar lissafi. Wauta ce, ba ta da wani suna.

Da ruwa ya sake tare shi, kafin ta miƙo sabuwar takarda sai ta yi ɗan rubutu a bayanta:

"Na Kuyello, ka daina rubutu a takardar gwamnati. Tsoro nake ji."

Da safe takarda ta dawo da amsa a ƙasa:

"Ni ma tsoro nake ji, Malamata. Amma na fi tsoron rani, lokacin da ba a sauke shinge."

Daga nan sauran direbobi suka fara dariya. Kowa in ya ga hadari taka mota yake don ya tsere wa shinge, Haruna kuwa sai ya rage gudu. Kafin a ankara, sau bakwai ruwa ya kama shi, takardu bakwai suka shiga gwangwani, shida daga ciki ɗauke da hannu biyu.

Bayan ta biyar ne ya yi ƙarfin hali ya tsuguna gaban Kofur ya faɗi abin da ke ransa. Kofur bai ko dube shi ba.

"Ba na ba da 'yata ga wanda gidansa ke kan taya. Shekara nawa ina ƙofar nan? Na san direbobin da suka fita da safe aka dawo da hularsu. Sulenka zan karɓa don doka ce. Gaisuwarka ka riƙe abarka."

Dama akwai wani mai nema, Malam Usman, akawun makarantar, mai keke da agogon hannu. Shi ke lissafin takardu kafin su kai gaban Baturen makaranta. A bana ya karɓe su da wuri, tun ruwa bai ɗauke ba. Ranar Alhamis da la'asar ya jingine kekensa a ƙofar gidan Kofur, ya zauna a zaure. Huseina na bayan zana tana ji.

"Baba, bakwai babu."

"Bakwai me?"

"Takardu bakwai. Litinin Bature zai duba."

"Wallahi ban ci kwabo ba."

"Na sani, Baba. Wanda ka gada ma haka ya ce." Ya gyara agogonsa. "Amma littafi a hannuna yake. Tsakanin surukai ai ba a tonon asiri."

Huseina ta janye daga bayan zana. Ta lallaɓa ɗaki ta zazzage gwangwanin, ta jiƙa tsumma ta goga a kan rubutun. Ashe fensirin irin na ofis ne, wanda in ya taɓa ruwa yake rinewa. Maimakon ya goge sai ya fito shuɗi raɗau, kalmar "Malamata" ta ƙara kauri. Ta zauna tana kallonta. In ta ɓoye takardun, mahaifinta zai tafi inda tsohon mai gadi ya je. In ta fito da su, za a karanta maganarta da saurayi a gaban akawu da ɗan doka, a kuma gane wa ke rubutu a ƙofa.

Juma'a aka yi ruwa da rana. Jar mota ta iso. Haruna ya ga keken akawu jingine da rumfa, ya kuma riga ya ji a bakin shinge ana cewa Kofur ya kusa yin suruki mai agogo. Huseina ta miƙo takarda ba ta ɗago kai ba. Ya juya bayan takardar, fari fat.

Ya ajiye ta a hannun Kofur, ya hau mota, ya ja da baya, ya je can bakin daji wajen waya ya kashe inji.

A wannan wurin ne aka tsinci wani direba makon jiya, an sare shi, an kwashe kayan. Huseina ta sani. Ta jira har mahaifinta ya tayar da sallar la'asar, ta ja mayafi ta bi gefen waya. Ciyawa ta fi ta tsawo. Daji ya yi tsit, sai ɗigon ruwa daga ganye, kowane motsi kuma sai ta ji kamar mutum ne a bayanta.

Ta same shi zaune a kan matakin mota.

"Ka shigo da motar, don girman Allah."

"Wa zai damu in ban shigo ba? Ki koma, mai keke na jira."

"Na Kuyello, dube ni."

Ya dube ta. Idanunta sun kumbura.

"Za su ɗaure Baba. Saboda ni. Saboda mu."

Ta gaya masa komai a tsaye, tana waige. Haruna ya dafe kai.

"Ni na fara, Malamata. Ni na rubuta ta farko."

"Ni na ɓoye."

"To ki gaya masa da bakinki, kada ya ji a wani wuri. Ni kuma in an ɗaga shinge gobe zan tafi Kuyello. Ki ba ni zuwa Lahadi."

"In ba ka dawo ba fa?"

"In ban dawo ba, to ba na numfashi."

"Kada ka faɗi haka a wurin nan!" Ta toshe kunnuwanta. Ya tayar da mota ya bi ta a baya a hankali har ƙofa, ya sake karɓar takardarsa.

Asabar da safe ta durƙusa gaban mahaifinta ta zube takardun. Ya sa ta karanta masa, duka bakwai, ba ta tsallake kalma ba. Da ta gama ya ɗago kai.

"Kawo wuta."

"Baba?"

"Ƙona su. Na yi Bama, zan iya wata shida. Ba za a karanta sunanki a ofis ana murmushi ba. Shi kuma wancan mai agogon, ba zan fanshi kaina da ke ba."

Huseina ta tattara takardun ta rungume. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce masa a'a ba.

"Baba, ka doke ni. Amma ba zan ƙona ba. Tarin da ya kashe wanda ka gada yana nan yana jira."

Ya tashi ya fita. Bai taɓa abinci ba ranar.

Lahadi har azahar babu jar mota. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. In ya zuba, shinge zai tare Haruna a wancan gefe, Litinin ta same shi a daji. Huseina ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Iska ta fara kaɗa zana lokacin da ta ji ƙarar inji.

Haruna ya zo da baffansa, Malam Nababa, dattijo mai furfura, da ƙwaryar goro. Suka zauna a zaure aka kira limamin unguwa. Dattijon bai yi kewaye ba.

"Kofur, yaronmu ya yi laifi, mun zo da kanmu a ƙasa. Amma ka duba. In gobe aka ga rubutun wani saurayi ga 'yarka, abin magana ne. In kuwa na wanda ka riga ka ba ne, ina ruwan wani?"

Kofur ya juya ga Haruna. "Kai ne ka je za ka kwana a bakin daji don fushi?"

"Ni ne, Baba."

"Sakarai. Da an sare ka, wa zai ɗauki alhakin hawayenta? Ka rantse mini, muddin tana gidanka, rana ba za ta faɗi maka a wajen waya ba."

Haruna ya rantse. Aka yi fatiha, aka raba goro, aka sa rana bayan kaka. A lokacin ruwa ya kece.

Litinin da hantsi suka shiga ofis. Bature na zaune bayan tebur, akawu a gefensa da littafi, ɗan doka a bakin ƙofa, ankwa na lilo a ɗamararsa. Huseina ta tsaya a waje jikin taga.

Kofur ya ƙame ya sara, ya jera takardu bakwai a tebur, fuskarsu sama. Bature ya gwada kowace da gindinta. Suka dace. Malam Usman ya ga shuɗin da ya ɓullo ta gefe, ya miƙa hannu zai juya ɗaya. Tafin Kofur ya sauka a kanta.

"Ranka ya daɗe, fuskar takarda ta gwamnati ce, ga ta nan. Abin da ke baya maganar 'yata ce da mijin da na ba ta."

Bature ya dubi hannun, ya dubi lambobin da ke ƙirjin mai hannun. Sannan ya tambaya, cikin Hausarsa mai tauri, wa ke rubuta lambar mota.

"'Yata, ranka ya daɗe. Ni ban iya boko ba."

Ɗan doka ya gyara tsayuwa, ankwa ta yi ƙara. Huseina ta runtse ido.

Hukuncin da ya fito shi ne, direba zai biya tarar sule ɗaya a kan kowace takardar da ya ɓata, Kofur kuma ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci, in bai iya rubutu ba kafin wata damina ya bar ƙofa. Bature ya zuba takardun a aljihun tebur yadda suke, ya kulle. Akawu bai ɗago kai daga littafinsa ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ranar ɗaukar amarya, jar mota ta zo wanke tas, mata cike a baya suna guɗa. Kofur ya tsaya a ƙofar makaranta ya miƙa hannu.

"Sule ɗaya."

"Haba Baba, yau ma?" in ji Haruna.

"Doka ta yi aure ne?"

Ya yago takarda, ya lashi fensir, ya sunkuya. Ya daɗe yana fama, gumi na tsattsafo masa, ya rubuta lambar da hannunsa. Ya juya ya ƙara wani abu.

Da za su fita, Haruna ya ciro ta daga gilashi ya miƙa wa amarya. Ta ɗaga lulluɓi kaɗan. Haruffa ne karkatattu, manya, kamar na mai koyo:

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya kai ku lafiya."

Ta danna ta a ƙirji tana kuka. Sannan ta miƙa ta ta taga, ta mayar a ƙofa yadda doka ta ce. Kofur ya karɓa, ya zaro sule daga aljihun kansa, tarar ɓata takarda, ya haɗa su wuri ɗaya.

"Ku tafi," ya ce. "Ku wuce dajin nan da sauran rana."