Ɓarawon Da Ya Zuba Wa Fanka Mai

Sufeto ya daɗe a aikin nan. Ya kama ɓarayin mota, ya kama masu fasa shago, amma bai taɓa shan lacca kafin a gaya masa abin da aka sata ba sai ran nan.

Mai ƙarar malamin makaranta ne, sai dai 'yan layinsu Injiniya suke ce masa, don ba ya ganin abu mai waya a jiki ya bar shi bai kwance ba. Tun da ya zauna yake zuba, shayin Sufeto har ya huce.

"Malam, taƙaita. Me aka ɗauka?"

"Faifai biyu, ranka ya daɗe, na cikin na'urar ajiyarmu ta gida. Da hannuna na haɗa ta. Tsohuwar kwamfuta ce na sauya mata kayan ciki, kowace waya a gidan..."

"Na ji ka haɗa, Allah ya yi albarka. Me ke cikin faifan?"

Injiniya ya daɗe yana murza hularsa.

"Mahaifiyata. Bara ta rasu. Hotunanta, bidiyonta, da muryarta ta kaset tun muna yara, duk na kwashe na zuba a ciki. Kaset ɗin sun tsufa, na zubar."

"Ba ka ajiye a wani wurin ba?"

"Ai shi ya sa na sa biyu. Duk abin da ke kan ɗaya yana kan ɗayan, in wannan ya mutu wancan na nan."

"Duka biyun kuma a akwati ɗaya."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Sufeto ya ji haushinsa, ya kuma ji tausayinsa, abin da ya ƙara masa haushi ke nan. Ya ture kofin ya ce wa Kofur ya tada mota.

Na'urar tana wani ɗan lungu tsakanin falo da ɗakunan kwana, baƙin akwati a kan teburi, wayoyi sun fito ta bayanta kamar saiwar bishiya. An cire murfin gefe an jingine shi da bango a tsanake. A falo ga talabijin ƙato, ga kwamfutar hannu a kan kujera, ba wanda ya taɓa su.

Kusa da akwatin akwai ɗan faranti. A cikinsa an jera sukurorin da aka kwance, manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

"Kai ka jera waɗannan?"

"A'a, haka na tarar."

Kofur ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, wannan ɓarawon ya fi ni tarbiyya."

"Rufe mana baki. Malam, kunna ta mu gani."

Injiniya ya danna, ƙananan fitilu suka kama. Sai ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta sauya.

"Ikon Allah. Fankar cikinta ta daina kuka. Watanni tana ƙiii, ƙiii, ina ta cewa zan sauya ta."

Sufeto ya sa aka kashe, ya zura yatsa ya shafo tsakiyar fankar, ya shinshina. Man keken ɗinki ne, sabon zubi. Wato mutum ya shigo sata, ya ji fanka na kuka, ya tsaya ya yi mata magani. Duniya da abin takaici take.

Matar Injiniya tana kicin tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Jiya da hantsi kina gida?"

"Ina gida. Na ga wani dogo ya gifta ta bayan taga, ina jin ta nan ya shigo."

"Wace tagar?"

Ta nuna ta lungun. Sufeto ya je ya duba. Ƙarafunan tagar lafiyarsu ƙalau, ga yanar gizo-gizo ta haɗe su daga sama har ƙasa, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Dogon nan naki, sauro ne?"

Ta ci gaba da goge tukunyarta.

"Kina jin haushin na'urar?"

"Wa zai ƙi jin haushinta? Tun da ya haɗa ta ba mu da talabijin. Daga safe har dare Inna ce a kai, tana dariya, tana tankaɗe, tana kiran mutane. In na kashe ya ce ba na son uwarsa. Amma wallahi ban taɓa ta ba."

Wannan karon Sufeto ya yarda da ita. Abin da bai gane ba shi ne wanda take karewa da ƙaryar farko.

"Ku nawa ne a gidan?"

"Mu biyu, sai Baba, mahaifin maigidan. Amma Baba ba shi da lafiyar hannu," ta yi saurin ƙarawa, ba tare da an tambaye ta ba.

Ɗakin Baba shi ne mai manne da falo. Tsoho ne siriri, yana zaune bakin gado, ya ɗora hannayensa a gwiwa suna rawa. Tsofaffin rediyoyi sun cika saman kabad.

"Sannu da hutawa, Baba. Sana'ar gyaran rediyo aka yi?"

"Da can, ɗana. Yanzu ka ga hannun. Ko cokali da ƙyar."

"Ba ka ji motsi jiya ba?"

"Kunnen ma ya tafi."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Yau kowa a gidan nan ya ɗauke shi yaron goye. Ya zaro tocilan daga ɗamarar Kofur, wadda sai an buga ta a cinya take kamawa, ya ajiye a kan gado kusa da tsohon kamar da mantuwa, ya juya yana yi wa Injiniya tambayoyin banza a kan makullin ƙofa.

Da ya waigo, tocilan tana kwance gida-gida a kan zanen gado, Baba yana kankare bakin batir da farce, yana gunaguni a kan mutanen da ba su san darajar kaya ba. Hannun ko gezau. Sassan kuwa ya jera su, manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

"Baba, ina faifan?"

Tsohon ya dubi hannayensa, ya dubi tocilan, ya gane ya kama kansa da kansa. Bai yi gardama ba. Ya sunkuya ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya buɗe.

Faifai ɗaya a buɗe yake, an cire masa murfi, farantin cikinsa mai sheƙi duk shatin yatsu. Injiniya ya dafe bango.

"Baba, ba a buɗe shi. Ko ƙura ta shiga ya mutu. Innalillahi..."

"Na gani ai. Na zaci zare ne a ciki irin na kaset. Wuri ɗaya kawai nake so na yanke na liƙe, na mayar maka da kayanka ba ka sani ba. Na buɗe na tarar da madubi."

"Ɗayan fa?" in ji Sufeto.

Baba ya warware wani ƙyalle. Na biyun yana nan a rufe, sukuru ɗaya kawai aka sassauta.

"Na ce ko shi ne mai zaren. Da kun kai la'asar ba ku zo ba da na gama da shi."

Injiniya ya karɓe shi da hannu biyu ya rungume a ƙirji, ya zauna a ƙasa.

"Me ta yi maka, Baba? Me Inna ta yi maka?"

"Akwai inda take cewa, 'Malam, taso abinci zai huce.' Kai kana falo kana kallon uwarka, ka san hoto ne. Ni ina nan ciki, bango ne tsakanina da ita. Duk ranar duniya sai na amsa. Sai na sa takalmi na fito, na tarar da talabijin." Ya share baki da bayan hannu. "Matarka ta sha ganina ina komawa. Kai ba ka taɓa waigowa ba."

Matar tana bakin ƙofa tana kuka a hankali. Sufeto ya juya kan Kofur, ya ce ya tattara tocilarsa ya daina tsayuwa kamar turke.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙarar," in ji Injiniya.

"Ba a tsakar ɗaki ake janyewa ba. Kai ka kai ƙara ofis, can za ku je ku duka, ya yi bayani, ka sa hannu. Da kun yi wa juna magana a gidan nan da ban bar shayina ba."

Baba ya riga ya miƙe ya ɗauki hularsa. Da ya zo wucewa ta gaban ɗansa ya tsaya.

"Ka adana ta, uwarka ce. Amma in za ka mayar da ita falo, ka gaya min tun yanzu na tafi da bargona."

Injiniya yana nan zaune da faifan a ƙirji.

Kofur ya buɗe wa tsohon ƙofar baya. Baba ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya juyo.

"Sufeto, a wajenku akwai talabijin?"

"Babu, Baba."

"To, mu je."