Auta da Hotunan Yaya

Tun da Yaya ta tafi karatu nesa, gidan ya yi wa Auta girma. In ya dawo daga makaranta, shi kaɗai yake cin abinci. Umma tana shagon ɗinki sai yamma. Ba mai tsokanarsa, ba wanda zai tsokana.

Yaya ta bar tsohuwar kwamfutarta a kan tebur. Wata rana Auta ya ji labarin manhajar da ake kiran mutum a ga fuskarsa. Ya sauko da ita, ya danna don ta shiga.

Kwamfuta ta ce babu wuri.

"Wuri kawai? Ai da sauƙi," in ji Auta.

Ya hango wata ƙatuwar folda. Ko buɗe ta bai yi ba, ya goge. Ya sake dannawa. Har yanzu babu wuri! Ya zauna ya yi tagumi.

Da Umma ta dawo, ta ja kujera gaban kwamfuta. "Bari in ga 'yata, ko na ji sanyi a raina."

Ta duba nan, ta duba can.

"Auta, ina hotunan yayarka?"

"Umma, ni na goge. Ban san hotuna ba ne. So nake mu riƙa ganin ta."

Umma ta ɗauki waya ta kira Yaya, ta gaya mata abin da ya faru, sannan ta miƙa wa Auta wayar.

Yaya ta kwashe da dariya. "Sarkin gaggawa! Dubi gefen allo. Ka ga wani ɗan kwandon shara?"

"Na gani."

"Suna ciki. In ba a zubar da kwandon ba, wuri ba ya samuwa. Yau rashin saninka ya cece ka. Maza mayar min da kayana!"

Auta ya mayar da hotunan. Yaya ta gaya masa tsofaffin wasannin da zai cire. Nan da nan manhaja ta shiga, sai ga fuskar Yaya ta cika allo.

"Kai, Auta, kunnuwan nan ƙara girma suke yi?"

Umma ta yi dariya har da hawaye.

Daga ranar, Auta bai ƙara goge abin da bai sani ba. Sai ya buɗe ya duba, in bai gane ba ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.