Motar da Ta Mutu da Tafiyar Ƙasa

Sufeto na shan shayin safe Maigida ya shigo caji ofis yana haki, tumbinsa na gaba, direbansa na biye tsakanin masu gadi biyu.

"Ɓarawo na kawo muku. Ya haɗa baki da bakanike, sun cire giyabos ɗin motar matata sun sa tsoho. Mota sabuwa dal, yanzu sai kakkarwa take kamar mai zazzaɓi."

Direban, wani dogon mutum mai furfura a gemu, bai sunkuyar da kai ba.

"Malam, me ka ce?" in ji Sufeto.

"Ban ɗauka ba, ranka ya daɗe."

"Ka ba maigidanka haƙuri, wataƙila a kashe magana a nan."

"Haƙurin me? In na ba shi haƙuri na zama ɓarawo. 'Ya'yana a unguwar nan suke yawo. A rufe ni kawai."

Aka kai shi bayan kanta. Shi ya cire takalmansa da kansa ya jera su a bakin ƙofa.

Sufeto mutum ne mai son leƙa cikin abubuwa, ko agogo ya lalace sai ya buɗe ya ga hanjinsa. Ya sa aka ja motar zuwa garejin kamfanin da ya sayar da ita. Wata injiniya ta kwance giyabos ɗin, ta shimfiɗa kayan cikinsa a kan tebur.

"Babu wanda ya taɓa shi, Yallaɓai. Nasa ne na asali. Irin wannan kuloci biyu ne da shi, kamar 'yan tagwaye masu karɓa-karɓa. Ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya, ta uku, ta biyar. Ɗayan na da ta biyu, ta huɗu, ta shida."

Ta miƙo masa faifai biyu. Ɗaya fes. Ɗayan ya ƙone ya yi baƙi, yana warin tukunyar da aka manta a wuta.

"Gudu ne ya cinye shi?"

"Ina! Wannan motar gudu take so. Abin da ke kashe ta jan ciki ne. Mutum ya ɗora ƙafa rabi a birki yana rarrafe, ko ya tsaya a hawa yana riƙe ta da totur. Kulocin bai kama ba, bai saki ba, sai gurza kansa yake har ya toye."

Sufeto ya daɗe yana juya tagwayen a hannu, yana tausayin wanda ya yi aikin shi kaɗai.

Da ya koma ya tambayi Direba ko haka yake tuƙi, sai mutumin ya yi dariyar takaici.

"Ni? Babban titi nake bi, in kai Hajiya kanti in dawo. A cunkoso ma ina barin tazara, in taka birki sosai in jira. Ka tambayi wanda ke fita da ita da sassafe."

A falon gidan Maigida, Hajiya ce ta amsa tana alfahari.

"Maigida ne. Zuciyarsa ta taɓa bugawa, 'yarmu likita ta sa masa dokar tafiyar ƙasa. Yakan kai motar gindin tudu ya ajiye, ya hau da ƙafa. Wayarsa tana nuna wa yarinyar duk inda ya taka."

"Kullum," in ji Maigida daga kan kujera. "Har saman."

Sufeto ya dubi takalman motsa jikin da ke bakin ƙofa. Ƙasansu ko ƙura babu.

Washegari ya je tudun. Wata tsohuwa mai shara tana aikinta a gefen titi.

"Baba, kin san wata farar mota a nan?"

"Mai tafiyar hawainiya? Wa bai san ta ba? Ɗan nan, ni da tsintsiyata nake wuce ta. Yana ciki, gilas a rufe, sanyi na kaɗa shi, yana cin wani abu a takarda. In ya kai tsakiyar hawa sai ya tsaya, motar tana gurnani, wai shi ma hutawa yake."

Sufeto ya tara su duka a ofishinsa, ya ajiye ƙonannen faifan gaban Maigida.

"Waya ba ta san ƙafa ba, gudu kawai take aunawa. Ka yi ta tuƙi daidai takun mutum don 'yarka ta ga kana tafiya. Haka ne?"

Hajiya ta juyo a hankali. Maigida ya buga tebur.

"Haka ne, sai me? Ƙafafuna ne ko na gwamnati? An hana ni gishiri, an hana ni nama, an sa mini waya tana gadina kamar akuya. Yarinyar da na goya ce za ta kora ni hawan tudu? Ban hau ba, kuma ba zan hau ba!"

"Wannan tsakaninka da iyalinka ne," in ji Sufeto. "Nawa shi ne ƙarar ƙarya. Ka sa an rufe mutum kwana biyu, kana sane."

"To da wa zan ce? Ai da ta gane." Ya nuna Hajiya da haɓa. "Shi direba ne, zai samu wani aikin."

Wani kofur ya kama hannun Maigida. Hajiya ta zaro makullin gida da na wata motarsu ta miƙa wa Direba, idonta ya cika.

"Ka yi haƙuri, Malam. Ka dawo gobe."

Direba bai karɓa ba. Ya tare ƙofa.

"Sufeto, a tsakiyar unguwa ya kira ni ɓarawo. Kafin a shiga da shi, ga mutane nan a kanta. Ya faɗa su ji."

Maigida ya cije leɓe, ya yi wani gunaguni.

"Ban ji ba."

"Ba ɓarawo ba ne!"

Direba ya matsa gefe, aka wuce da Maigida.